Mako Shida da Takarda a Aljihuna

Na ji abin da Nana, 'yar Yayana Lawali, ta faɗa ran sunan ɗanta, ko da yake ta ɗauka ina can wajen maza ban ji ba. Ta ce da ba don uwarta ta hana ba, da Baba Haruna, wato ni, ya kai mahaifinta Jamus an yi masa magani. Ba ranar na fara jin wannan magana ba, kuma duk sanda na ji ta sai in sunkuya in yi kamar takalmina nake nema. Yanzu na ajiye aiki, gwiwa ta fara yi mini gardama, ba ni da sauran uzuri. Ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Yaya Lawali, ku karanta wannan a zaune. Kun ɗora wa Hajiya Rakiya, matar Yaya, kayan da ba nata ba, ni kuwa ina kallo na bar ta da su shekara da shekaru.

Sai kun san yadda nake da Yaya kafin ku gane sauran. Shekara goma sha huɗu ya ba ni. Mahaifinmu ya rasu a Maraɗi ban fi shekara biyar ba, saboda haka Yaya ne ya kai ni makaranta, shi ya yi mini bulala, shi ya tsaya mini ranar aurena. Ya riga ni zuwa Faransa, ya buɗe shagon shadda da atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris, ni kuma karatu ya kawo ni Lyon, na zauna a Vénissieux, hawa na goma sha ɗaya a cikin dogayen benayen Minguettes. Na yi digiri, na yi furfura, Turawa suna tambayar ra'ayina a taro, amma ban taɓa kallon Yaya cikin ido ba. In yana kan kujera ina ƙasa. In ya kira ni a waya, miƙewa nake yi tsaye, har matata Hadiza tana mini dariya wai ko yana ganina ne.

Aikina lissafin haske ne, irin hasken da ake ƙona ciwon daji da shi. Hasken da aka saba da shi yana shiga jiki ta gaba ya fita ta baya, duk abin da ya tarar a hanya sai ya taɓa shi. Amma akwai wata hanya, wadda ake harba ƙananan ƙwayoyi, furoton ko karbon, a ba su gudu daidai gwargwado, su ratsa fata da nama ba su yi ɓarna mai yawa ba, sai sun kai zurfin da aka auna musu su sauke ƙarfinsu su tsaya. Ni ina cikin masu auna inda za su tsaya. A shekarun nan ana ta maganar gina babbar cibiyar karbon a Lyon. Mun yi zane, mun yi taro, mun sake zane, mun sake taro, ƙuruciyata ta ƙare a kan injin da ban taɓa ganin ƙofarsa ba. Wanda ke son irin wannan magani sai ya ƙetare iyaka, Jamus ko Italiya ko Japan.

Wata Sallah na yi ƙoƙarin bayyana wa Yaya wannan aiki. Ya saurara yana murza carbi, sannan ya ce:

"To, ai na gane. Ɗan aike ne mai hankali. Ya wuce zaure, ya wuce tsakar gida, bai taka tukunyar kowa ba, sai ya kai ɗakin da aka aike shi ya aje saƙo. Wanga shi ne kake ma karatu shekara ashirin, Injiniya?"

"Shi ne, Yaya."

"Da ka tambaye ni, da na hwaɗa maka tun tuni."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma har yau ban ji Baturen da ya faɗe shi gajere haka ba.

Shekarar da abin ya faru, Yaya ya fara ramewa bayan azumi, muka ce azumi ne. Ya fara kukan ciwon baya, muka ce ɗaukar bandir ɗin shadda ne. Sai da idanunsa suka koma ruwan ɗorawa Hajiya ta kira ni, gaisuwar ma ba ta ƙarasa ba. Na hau jirgin ƙasa na safe, azahar ta same ni a asibiti a Paris. An riga an yi hoton ciki. Kafin mu shiga wurin likita, Hajiya ta ja ni gefe a baranda, ta riƙe bakin mayafinta da haƙori.

"Haruna, in abin nan ne da nike tsoro, kada ka kira sunanshi gaban Alhaji. Ka san mutanenmu. Daga ya ji, ya kwanta ke nan."

"Na ji, Hajiya."

Wannan ita ce kaɗai rawar da ta taka, kuma ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Haka muka tashi muka gani. Ba a gaya wa babba cewa ciwonsa na ajali ne, ana ce masa da sauƙi har ranar da za a rufe shi. Ni ma da ba ta roƙe ni ba, abin da zan yi ke nan. Muka shiga. Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce akwai ƙari a pankireyas, wani ɗan nama da ke kwance a bayan tumbi, kuma ƙarin ya naɗe manyan jijiyoyin jini, wuƙa ba za ta shiga ba. Yaya ya juyo gare ni, kamar yadda ya saba in Faransanci ya wuce na kasuwa. Ni da na san kowace kalma da abin da ke bayanta, na dubi tayil na ce masa kumburi ne a ciki, ɗan'uwan gyambon ciki, za a yi ta sa masa ƙarin ruwa har ya sace. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa kaffara ne.

Wata uku yana shan wannan ƙarin ruwa, wanda likitoci ke kira shimiyo. Ya galabaita, abinci ya daina yi masa ɗanɗano, amma duk Asabar sai ya sa an kai shi shago. Da aka sake hoto, ƙarin bai ƙaru ba, kuma bai yaɗu zuwa hanta ko wani wuri ba. A nan ne na hango hanya. Ina da abokin aiki da ya koma Jamus, a wata cibiya da ke gwada karbon a kan irin wannan ciwo, ga waɗanda nasu bai yaɗu ba. Na rubuta masa, ya amsa washegari. Ya ce ba alkawari, gwaji ne, amma a aiko da dosiye, wato takardun asibitinsa, su duba. Likitar Yaya ta ce za ta rubuta wasiƙa, sai dai da sharaɗi biyu: hoton ya kasance sabo, kuma maras lafiya da kansa ya san sunan ciwonsa, ya san abin da za a yi masa, ya sa hannu. Ta miƙo mini takarda mai shafi biyu. A layin farko an rubuta sunan ciwon ɓaro-ɓaro. Na ninke ta huɗu na sa a aljihun kwat.

Nana, ki buɗe ido a nan. A ranar na sami uwarki a kicin tana tace kunu, na gaya mata komai. Ta ajiye rariya ta goge hannu.

"In akwai magani, mi ake ɓoyo kuma? Ka hwaɗa mashi yau."

"Ke kika ce kada a kira sunan."

"Na ce, lokacin da babu abin yi. Yanzu akwai. Ni ba ni iyawa, kuka za ni yi, kuma ban san zancen injinku ba. Kai ne ƙanenshi, kai ka sani. Tahi, shina falo."

Na tafi falo. Yaya yana kishingiɗe yana jin labarai a rediyo. Na zauna a ƙasa na gaishe shi, ya tambayi Hadiza, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sanyin Lyon. Na buɗe baki ke nan aka buga ƙararrawa, 'yan dubiya uku suka shigo. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina mako mai zuwa.

Haka na shiga zirga-zirga tsakanin Lyon da Paris. Duk Asabar in fito da asuba, in hau metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in hau babban jirgin Paris, awa biyu ina haɗa jimla ina warwarewa. In fara da Hausa in ga ta yi tsirara, in koma Faransanci in ga ba mutunci. In sauka Paris, in shiga layin metiro na huɗu, in fito Château Rouge cikin ƙanshin gasasshiyar masara da hayaniyar masu kifi, jimlar tana bakina daram. Da na ga hularsa sai ta narke. Asabar ta biyu na tarar ya ci tuwo da miyar kuka, karo na farko cikin wata guda, yana ta tsokanar Hajiya, na ce wane marar imani ne zai ɓata wannan rana. Asabar ta uku na yi dabara irin ta matsorata, na je Montreuil na ɗauko wani dattijo, malamin da Yaya ke girmamawa, na roƙe shi ya share mini hanya. Malam ya zo ya yi awa guda yana wa'azi a kan haƙuri da jarrabawa, bai kusanci maganar ba ko da taku ɗaya. Ba laifinsa ba ne, tarbiyyarmu ɗaya.

Asabar ta huɗu ban je ba sam. Na ce aiki ya riƙe ni, alhali yini na yi ina yawo a bakin kogi, in hau wannan gada in sauko ta waccan. Barci ya ƙaurace mini, na riƙa faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, ku manyan za ku tuna. A ofis ina zaune ina auna wa mutanen da ban sani ba inda haske zai tsaya a jikinsu, ba na kuskuren ko da kaurin farce. Har na taɓa fito da takardar na ɗora a tebur, na gwada sa hannun Yaya a bayan wata ambulan, don na san shi sarai, kamar ƙugiya yake da ɗigo biyu. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne kaɗai, in faɗi gaskiya. Na san can Jamus za su zaunar da shi su tambaye shi da bakinsa.

Hajiya tana kirana kusan kullum. Hadiza kuwa ta gaji da ni.

"Kai dai ba kunya ke damunka ba, Haruna. Tsoro ne. Kana tsoron ya dube ka."

"Ke ba ki san Yaya ba."

"Na san ciwo ba ya jiran Asabar."

Na yi fushi na fita, don ta faɗi daidai. A mako na biyar na je, na zauna, na sha shayi, na dawo. A na shida abokina na Jamus ya rubuto layi biyu: hoton da ke hannunmu ya tsufa, ko an aiko da dosiye yanzu sai an yi sabo, kuma me ya tsayar da mu? Na karanta a tsaye a tashar taram, ƙaramin jirgin cikin gari. 

Asabar ɗin na sami Yaya a shago bayan la'asar, ba kowa. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu, amma yana tsaye yana auna farar shadda. Ya miƙo mini bakin shaddar ya ce in riƙe. Wataƙila don hannuna na riƙe da wani abu ne, wataƙila don shaddar tana tsakaninmu, na dubi zaren na ce:

"Yaya, na yi maka ƙarya. Ba kumburi ba ne. Kansa ce."

Bai daina aunawa ba. Ya kai yadi biyar, ya sa almakashi ya ɗan tsaga, ya ja ta rabu.

"Na sani."

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Injiniya, shekara talatin ina ciniki garin nan. Ka ga na yi kama da wanda bai iya tambayar abu ba? Washegarin ranar da ka yi mani tafinta na koma wajen likita ni ɗaya. Na ce, Madam, bar dogon turanci, wata ko shekara? Ta ba ni amsa, na roƙe ta kada ta hwaɗa maku na sani."

"To mi ya sa ba ka ce komi ba?"

"Na ga kai da Hajiya kuna ta wahalar ɓoyo, na ce bari in taya ku."

Na fito da takardar. Ninkin ya fara cinye ta, gefenta ya yi baƙi da aljihu. Na bayyana masa komai, karbon da Jamus da sharaɗin cewa ciwon bai yaɗu ba. A nan ne ya ajiye almakashi. Ya zauna a kan bandir, ya dube ni, ni ma karo na farko a rayuwata na dube shi.

"Wanga ɗan aike naka, ashe shina zuwa irin nawa ɗaki?"

"Ana gwadawa, Yaya."

"Ni kuwa tun ran farko nike jira ka yi magana. Na ce ƙanena aikinshi ke nan, in akwai abin yi shi za ya hwaɗi. Da na ga ka yi shiru, na ce babu ke nan. Ban tambaye ka ba don kada in sa ka ce ba ka iyawa, ka ji kunya gabana." Ya juya takardar. "Tun yaushe take wurinka?"

Da na so, da na ce jiya. Na ce mako shida.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ciro biro daga bayan kunne, wanda yake sa alama da shi a jikin yadi, ya ɗora takardar a gwiwa ya sa hannu, ƙugiya da ɗigo biyu, ya rubuta kwanan wata. Sannan ya ce in naɗe shaddar nan da kyau, mai ita zai zo Litinin.

An yi sabon hoto cikin makon. Na shiga da shi, wannan karon ba wanda ya nemi tafinta. Likitar ta juyo da allon, tun kafin ta nuna da alƙalami na gan su, ɗigo biyu a hanta, ƙanana kamar ƙwayar gero. A hoton baya babu su. Ciwon ya fita daga ɗakin da za a iya aika masa saƙo, maganar Jamus ta mutu a nan. Da muka fito Yaya ya ce yana son ya taka da ƙafa. Muka yi tafiya a hankali har bakin metiro, yana dafe da kafaɗata. Ina ta ba shi haƙuri, kalmomin suna fita a hargitse, sai ya matse kafaɗar.

"Ya isa. Kai ka ji kunyata, ni na ji taka, ga inda ta kai mu. Amma yara kada su ji. Su ɗauka babu magani, shi ke nan."

Ya roƙi Hajiya haka ita ma. Bayan wata biyu ya ce gida yake so, muka kai shi Maraɗi, a can ya cika, a ɗakin da aka haife ni. Sai dai magana ba ta ɓoyuwa duka. Wani ya ji an ambaci Jamus, wani ya ji cewa Hajiya ta ce kada a gaya wa Alhaji, aka haɗa biyun aka ɗinke, ya zama ita ta hana. Ta ji, ba ta ce uffan ba, saboda mijinta ya roƙe ta, kuma saboda in ta wanke kanta ni za ta jiƙa. Na ga yadda Nana ta riƙa gajarta gaisuwa da ita a waya. Na ga an yi shawarar aure ba a fara da ita ba. Duk ina gani, na sake yin irin shirun da na yi wa Yaya, wannan karon ba mako shida ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce da an je Jamus da Yaya yana nan. Ban sani ba, kuma aikina ne in sani. Wannan ciwo mugu ne, sau da yawa ya riga ya watsa irinsa tun hoto bai nuna ba, kuma wataƙila ɗigon nan biyu suna nan a ɓoye tun ranar da aka ba ni takardar. Wataƙila da sun duba dosiye sun ce a'a. Wataƙila da ya sami wata shida, ko shekara, ko bai sami komai ba sai wahalar tafiya. Na yi shekaru ina lulluɓa da waɗannan wataƙila, suna da ɗumi. Amma ko mene ne a bayan wannan ƙofa, Yaya ne ke da hakkin ya ƙwanƙwasa, kuma ya nuna yana so, tunda bai yi minti biyar ba ya sa hannu. Ni na tsaya masa a hanya, da ladabi, ina zaune a ƙasa.

Na karya alkawarin da na yi masa, Allah ya yafe mini, na fi iya haɗuwa da shi da wannan laifin a kan wancan. Ku kuma, ranar da likita zai juyo da allo a kaina, ku faɗa mini da Hausa, a ranar, ko da baƙi a falo.

Nana, takardar tana cikin akwatin ƙarfe a ƙasan gadona, Hadiza ta san wurin. A sama akwai kwanan watan da likita ta buga, a ƙasa akwai wanda mahaifinki ya rubuta da biron shago. Ki ƙirga tsakaninsu da kanki. Duk kwanakin nan a aljihuna ta yi su, uwarki kuwa tana kirana tana cewa in faɗa masa. In kin gama ƙirgawa kada ki kira ta a waya. Ki hau layi na huɗu ki je wurinta.